Hannun Rigar da Abah Ya Ɗinke

"Abah, wa ya taɓa mini riga?"

Sutisna bai ɗago daga kan keken ɗinki ba, don kada murmushi ya tona masa asiri. Tun jiya yake jiran wannan tambayar. Ya ci gaba da kalmasa ƙafar wandon da ke gabansa, ya ce, "Wace riga kuma, Neng?"

'Yarsa Nenden, wadda yake kira Neng, ita kuma take kiransa Abah, wato Baba, tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida, ta ɗaga doguwar shuɗiyar riga da hannu biyu. Rigar ta sha wanki, ta sha sitaci, ta sha guga har tana ɗaukar ido.

Shi ya ɗinka ta da kansa wata biyu da suka wuce, daga hotunan da Nenden ta bugo masa. Rigar wata Hinagi ce, yarinyar da ke cikin wani anime, wato katun ɗin Japan da Nenden ta tashi da kallonsu tun tana firamare. Yau Asabar ake babban taron masoya anime na birnin Bandung, inda kowa ke yin shigar tauraron da yake so, masu ƙarfin hali su hau dandamali alƙalai su fitar da gwani. Nenden ta kai rigar gidan ƙawarta ta yi mako uku, shekaranjiya ta dawo da ita a ƙunshe. Jiya da ta tafi ajin koyon Japananci, karambani ya sa Sutisna ya buɗe jakar.

Saura kaɗan ya faɗi. Rigar duk jirwaye, gwiwar hannu ta goge, bakin ƙasa ya yi fari-fari, sannan hannun hagu ya yage daga ƙasan kafaɗa har kusan gwiwa. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinki a unguwar Cicadas, ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ɗinkinsa ya saki ba. Yanzu a ce dubban mutane su ga 'yar tela a kan dandamali da tsumma? Ya wanke, ya shanya, ya zaro zare daga cikin kalmasar ƙasa ya riƙa saƙa su ɗaya bayan ɗaya a wurin da ya yage, yadda mahaifinsa ya koya masa. Sallar Juma'a ce kaɗai ta tashe shi. Ko abincin rana bai ci ba.

"Nemo wurin in kin isa," ya ce, yana ji da kansa.

Ta shafa hannun rigar sama da ƙasa. Ba ta samu ba. Ta sauke rigar.

"Mako uku na yi, Abah," ta ce a hankali. "Sau huɗu na jiƙa ta a ruwan shayi. Na goga ta da dutse. Na fesa mata ruwan gishiri na shanya. Yagar nan sai da na gwada a ƙyalle shida kafin in yi ta a jikin rigar."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. "Ke kika yaga? Da gangan?"

"Na ce ka kalli katun ɗin. Har a wayarka na sa maka. Na ce in ba ka da lokacin sauran, ka kalli kashi na sha tara kawai."

"Neng, ai katun na yara..."

"Na sani. Ka sha faɗa."

Da ta yi ihu, ko ta buga ƙofa, da ya fi masa sauƙi. Sai ta ninke rigar tsaf ta sa a jaka, ta zo ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta kamar kullum in za ta fita, ta tare acaba ta tafi.

Matarsa Eha, wadda duk gidan ke kira Ambu, wato Mama, ta fito daga kicin da farantin kupat tahu, wato dunƙulen shinkafa da awara, ta dangwarar a kan teburin yanka har miyar gyaɗar ta fantsalu.

"To, sannu da aiki, sarkin teloli. Garin gyaran gira ka tsone ido."

"Ambu, wa zai ga riga a yage ya san ado ne?"

"Duk wanda ya saurari 'yarsa. Ƙarfe uku za ta hau dandamali. Ka kuwa san wannan ne na ƙarshe."

Ya sani. Saura kwana tara Nenden ta tashi zuwa Japan, inda ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, kwantiragin shekara uku. Tun ranar da takarda ta zo, abin da ya fito daga bakin Sutisna shi ne "Allah ya sa alheri," ya koma kan keke. Ba wai abin bai dame shi ba, cinsa yake yi kamar gara. Shi dai irin mutanen nan ne da bakinsu ke hannunsu. Maimakon magana, ya ɗinka mata wando shida, da rigunan sanyi biyu masu ɓoyayyen aljihun fasfo.

"Me ke cikin na sha taran?" ya tambaya.

"Ni na kalla, na yi kuka har awarata ta ƙone."

"To me ya faru?"

"Ni ce wayarka?"

Bai gaya mata ya goge katun ɗin tun watan jiya ba, don hotunan samfurin kwastomomi sun cika wayar. Ya ci loma uku a tsaye, ya sa almakashi a aljihu, ya soke allura a jikin hularsa yadda ya saba, ya fita da tef ɗin awo rataye a wuya bai ma sani ba.

Angkot biyu ya hau, wato ƙananan motocin haya. A ta biyun ya zauna tsakanin wata mai kai kabeji kasuwa da wani saurayi mai koren gashi da ya rungume fukafukai a cinya. Babu wanda ya kalli saurayin sau biyu sai Sutisna, shi ma ɗinkin kafaɗar yake kallo, yana girgiza kai.

A ƙofar zauren taron layi ne har bakin titi. An ajiye tebur ana duba makamai. Mai takobin da ya fi shi tsawo ya miƙa, mai gadi ya matsa ya ji soso ne, ya ɗaura masa jan ƙyalle ya wuce. Mai gatari ya wuce. Wata ƙaramar yarinya ta wuce da lauje kamar na mala'ikan mutuwa. Da aka zo kan Sutisna, na'ura ta yi ƙara.

"Wannan ba zai shiga ba, Pak," in ji mai gadi, yana juya almakashin. Pak a wurinsu kamar a ce Malam ne.

"Wancan fa da ya shiga da gatari?"

"Na soso ne."

"Ni tela ne, ɗana."

"Yau kowa a nan wani abu ne, Pak. Ga lambarka, in za ka fita ka karɓa."

Ciki kuwa sai wanda ya gani. Kiɗa ta ko'ina, tebura jere ana sayar da zane-zane da maɓallan maƙalawa, 'yan mata da kunnuwan kyanwa a saman hijabi, wani ya shiga cikin kwali ya zama mutum-mutumi yana tafiya da ƙyar, abokinsa na ba shi ruwa ta siririn bututu. Sutisna bai yi taku ashirin ba wasu 'yan mata biyu suka tare shi, suka rusuna.

"Pak, don Allah za mu iya ɗaukar hoto da kai?"

"Da ni?"

"Shigarka ta yi kyau wallahi! Daga wane anime ne? Tef ɗin kamar na gaske."

"Na gaske ne."

Suka kalli juna suka tuntsire da dariya, suka yi ta ba shi haƙuri. Da suka ji bai taɓa kallon ko ɗaya ba, sai tausayinsa ya kama su kamar an ce bai taɓa cin shinkafa ba. Wannan ta ce ya fara da na masu dafa abinci, waccan ta ce a'a, mutum mai shekarunsa na tsofaffin 'yan dambe zai so, suka fara gardama a kansa. Da ƙyar ya samu ya tambaye su inda ake kai kaya in sun lalace. Suka nuna masa wani lungu kusa da masallaci.

Teburin gyara ne, kyauta, ga gam, ga fil, ga zare kala-kala, ga almakashi ɗaure da igiya a ƙafar tebur. Mai kula da shi wani ƙaton mutum ne sa'an Sutisna, sanye da sulken soso da ya ƙi rufe tumbinsa. Kowa na kiransa Koh Bun. Yana fama da igiyar fukafukin wata yarinya, yana caka allura kamar mai jin haushinta. Sutisna ya daure, ya daure, ya kasa.

"Haba, wa ya koya maka riƙon allura? Kamar mai cire haƙori."

"Ai sana'ata ke nan, Litinin zuwa Juma'a," in ji Koh Bun. "In ka fi ni, bismilla."

Minti biyu Sutisna ya gama, ya ciji zare. Yarinyar ta girgiza fukafukin da ƙarfi bai motsa ba. Koh Bun ya jawo masa kujera, ya tsiyaya masa baƙin kofi daga fulas.

"Shekara sha biyu ina zaman teburin nan ina addu'ar Allah ya kawo mini tela. Me ya kawo ka?"

Sutisna ya gaya masa. Kafin ya kai ƙarshe Koh Bun ya riƙe ciki, sulken na girgiza.

"Au, kai ne! Kai ne ka ɗinke hannun Hinagi? Har da sitaci! Wayyo Allah cikina!" Ya ga fuskar Sutisna, sai dariyar ta tsaya. Ya share ido. "Yi haƙuri, Pak. 'Yarka ta zo nan ɗazu. Na san ta tun tana zuwa da kayan makaranta. Na miƙa mata almakashi na ce ta buɗe wurin. Ta riƙe ya fi minti biyar, ta ajiye. Ta ce Ambu ta gaya mata yini guda ka yi a kai, ko abinci ba ka ci ba. Ta ce za ta hau a haka."

"In ta hau a haka fa?"

"Za a tafa mata, a ce riga ta yi kyau. Amma wasan da ta shirya na ranar tafiya ne. Hinagi mai lafiyayyen hannun riga ba ta je ko'ina ba tukuna." Ya zaro wayarsa daga cikin sulke, ya lalubo, ya miƙa masa da abin sawa a kunne. "Gani ya kori ji. Wurin da za ka kalla minti huɗu ne."

Sutisna ya gyara tabarau. Tsibiri ne, da doguwar hasumiya mai fitilar da ke nuna wa jirage hanya. Mai kula da fitilar wani dattijo ne mara magana, shi ne uban Hinagi. Ya rako ta bakin ruwa ɗauke da jakarta. Ya ajiye jakar a jirgi, ya duba igiya, ya sake dubawa. Ta tsaya tana jiran ya ce wani abu. Ya kalli sama, ya ce, "Akwai iska yau." Shi ke nan. Jirgi ya fara ja baya, sai hannun dattijon ya tafi da kansa ya cafke hannun rigarta. Bai ce ta tsaya ba, bai kuma saki ba. Rigar ta yage. Jirgin ya yi nisa, shi yana tsaye da guntun ƙyalle a hannu.

"Ba ta taɓa ɗinke shi ba," in ji Koh Bun. "Duk wanda ya ce zai gyara mata, sai sun yi faɗa."

Abu na farko da Sutisna ya lura da shi na tela ne: waɗanda suka zana sun san yadi, don yagar ta bi zare yadda ya kamata. Na biyun ne ya sa ya cire tabarau. Kunya ta kama shi, da wani tausayi da bai san ko na yarinyar ne ko na dattijon ko nasa ba. Wata biyu 'yarsa tana miƙo masa magana a cikin waya, shi ya goge ta don ya ajiye hotunan wuyan riga.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku saura kwata. Ɗauki almakashin, zan kwance igiyar."

"Bar shi. Almakashi yanka yake, ba ya yaga. Ɗauko kofin nan dai."

Koh Bun ne ya shigar da shi bayan dandamali, don babu mai hana sulkensa wucewa. Nenden na zaune a kan akwati ita kaɗai, lamba sha huɗu maƙale a ƙirjinta, rigar na sheƙi kamar ta ranar salla. Ana kiran lamba sha biyu.

"Abah? Me kake yi a nan?"

"Kwastoma na biyo. An ce aikina bai yi ba."

Ta yi dariya, hawaye suka zo tare da ita. "Ya yi, Abah. Yin da ya yi ne matsalar."

"Tashi tsaye. Miƙe hannu."

Ya tsoma hankicinsa a kofi ya riƙa dangwala wa bakin rigar da ƙirji. Ya murje sitacin da hannu biyu, ya sa ta goga gwiwar hannu a jikin bangon siminti. Kowace dangwala sai ya ji ta a ransa, amma bai tsaya ba.

"Ba zai kai naki ba," ya ce. "Mako uku ba ya shiga minti goma."

Sannan ya zaro allura daga hula. Wurin da Nenden ta nema da safe ta rasa, shi ko kallo bai yi ba, yatsansa ya sauka a kai. Ya tsinke zare uku daga sama, ya mayar da allurar.

"Na kalla," ya ce, idonsa a kan yadin. "Na sha taran."

Ta zuba masa ido. Ya buɗe baki, ya nemi maganar da ya yi wata biyu yana ɗinkewa a cikin wanduna, ya rasa ta inda zai kamo ta.

"An ce can akwai sanyi," ya ce.

"Abah..."

"Lamba sha huɗu!" in ji mai riƙe da takarda a bakin matakala.

Sutisna ya damƙe hannun rigar daidai inda ya tsinke zaren. "Tafi. Kada ki waiwaya, yi tafiyarki yadda Hinagi ta yi."

Ta ɗaga ƙafa. Taku na farko yadin ya ƙi, don ɗinkin Sutisna ne, kuma gaskiyar magana a wannan takun jawo ta yake yi, ba yaga ba. Ta ji, ta ɗan tsaya, kafaɗarta ta motsa. A taku na biyu rigar ta ce ƙyaaat, ƙarar da ya fi tsana a duniya. Nenden ta hau matakala ta shiga cikin haske.

Da jama'a suka hango hannun rigar, zauren ya ɗauki ihu. Ta gefen labule yake kallonta. Ta tsaya a kan wani jirgin kwali da aka ajiye mata, ta kai hannu za ta taɓa wurin da ya yage, ta fasa, ta ɗaga kai tana kallon nesa. Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan wata a layin gaba. Bai san 'yarsa ta iya tsayuwa haka ba.

Sai da aka fara tafi ya duba hannunsa. Guntun shuɗin ƙyalle ne, faɗin yatsa uku, da zarensa na jiya a jiki. Ya ninke shi biyu ya sa a aljihun gaba.

"Koh Bun."

"Na'am."

"Yarinyar nan, Hinagi. Ta dawo?"

Koh Bun ya gyara tsayuwa, fuskarsa babu wasa. "Pak, a nan akwai dokar da ta fi ta almakashi tsanani. Ba ma gaya wa mutum ƙarshe. Ko uwata ce ta tambaya, sai ta kalla da kanta."

"Kashi nawa ne duka?"

"Ashirin da shida."

Sutisna ya lissafa da yatsu. Uku-uku a rana, kwana tara sun isa. Ya zaro wayarsa ya miƙa.

"Sa mini daga na ɗaya. In wuri ya ƙi, goge hotunan da ke ciki." Ya kalli Nenden tana saukowa tana neman sa da ido. "Sai dai rubutun fassarar nan na ƙasa ƙanana ne, idona ba ya gani. Dole a samu mai zama kusa da ni tana karanta mini."

Koh Bun ya dubi mutumin da ɗazu ya zura zare a allura sau ɗaya tak a gabansa. Ya karɓi wayar ya fara goge hotunan wuyan riga.